Laraba, ranar hazo

Hazo ya rufe gari tun asuba, ko tsallaken titi da ƙyar ake gani. A haka na shiga aji da mura, na yi darasin teku ga yaran da yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai teku shuɗi ne ko kore?" Na ce mata duka biyun, kuma launin yana sauyawa.

Bayan la'asar na zauna gaban kwamfuta ina duba taswirorin launin teku na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Tun 2002 na'urar MODIS da ke kan tauraron ɗan adam Aqua take auna hasken da ke tasowa daga saman ruwa. Inda ƙananan tsirrai masu shawagi suka yi yawa, dangin gansakukar da ke rufe kududdufi, sai ruwan ya yi kore, domin sinadarin kulorofil ɗinsu, wanda ke ba ganye launin kore, yana shanye shuɗin haske. Ido ba ya ganin su ɗaya-ɗaya, amma su ke samar da kusan rabin iskar oksijin da tsirrai ke fitarwa a duniya, kuma daga kansu abincin kifi yake farawa.

A 2023 masu bincike sun tattara awon shekara 20 na wannan na'ura, suka gano launin ya sauya a kashi 56 cikin ɗari na saman teku, musamman a yankuna masu zafi, inda ruwan ke ƙara kore. Sun danganta hakan da sauyin yanayi. Abin ya tsaya mini a rai. Da matuƙin jirgi zai shekara ashirin yana kallon ruwan, ba zai lura ba. Sai da aka samu ma'auni ɗaya, yana bi ta kai kullum ba gajiya.

Kuma hazon nan namu yana cikin maganar. Kusan kashi 90 na hasken da tauraron ke kamawa daga iska yake zuwa, dole a cire shi kafin a ga na ruwa, ƙurar Sahara kuwa tana dagula lissafin a kan Tekun Atilantika. Amma ita ce kuma ke kai wa tsirran sinadarin ƙarfe da suke bukata. Wani kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tashi, tsohon gindin babban Tafkin Chadi, inda ƙasar kanta ɓurɓushin irin waɗannan tsirrai ne da suka mutu tun dubban shekaru. Ikon Allah.

Aqua ya tsufa. An harba sabon tauraro mai suna PACE a ranar 8 ga Fabrairun 2024, mai iya bambance launuka fiye da na da, har a gane irin tsirran. Fatana a bar su biyun su daɗe suna awo tare, don a daidaita sabon da tsohon kafin tsohon ya tsaya.