Godiya Bayan Taron Iyali a Katsina

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Kwamitin da ya shirya taron iyali da aka rufe ranar Lahadi a nan Katsina yana gode wa Allah da ya kawo kowa lafiya, ya kuma mai da kowa gida lafiya. Mun gode wa Baba Fasto da Mama, da dattawan ikilisiya. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku kuka wuni a bakin murhu, ga tsadar hatsi ga ta mai, amma ba baƙon da ya tashi da yunwa. Allah ya mayar muku ninki. Matasan da suka yi jigilar benci, da mawaƙa, sannunku da aiki. 'Yan'uwa daga Malumfashi, Kafur, Funtuwa da Dutsin-Ma, mun san abin da kuɗin mota ya zama, mun kuma ga yadda kuka riƙa duba agogo don kada dare ya riske ku a hanya. Maƙwabtanmu Musulmi da suka ara mana tabarmi, suka bar mana ƙofar gidajensu muka jera babura, Allah ya bar zumunci.

Da dama sun roƙa a rubuta abin da aka koyar kan sujadar iyali saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Idan rayuwa ta yi zafi, abu biyu ke fara kashe sujada a gida: tsawaitawa, da ɗora komai a kan mutum ɗaya. Minti 15 ya wadatar. Waƙa ɗaya wadda yara suka iya, baiti biyu, karatu kamar aya 10, tambaya guda a kan abin da aka karanta, sai addu'a. A yi da an gama tuwon dare, tun ba a kwashe kwanuka ba, don da zarar an watse, haɗo kan gida sai gobe. Bayan ƙarfe tara kuwa ƙanana sun yi barci. Gidan da maigida ke gadi ko tuƙin dare, su koma safiya kafin a fita.

Mutane da yawa kan fara daga Farawa da zafinsu, su je su maƙale a Littafin Firistoci, shi ke nan an ajiye. A fara da Markus. Sura 16 ce, a aya goma kullum za ta kai ku wata biyu da 'yan kwanaki. Karin Magana sura 31 ce, kowace rana da tata, sai a tsinci aya biyu ko uku. Gidan da ke cikin makoki ko gudun hijira, a ba su Rut, domin da yunwa da ƙaura da mutuwa labarin ya buɗe. Wanda bai iya shiga gonarsa bana ba saboda 'yan bindiga, Habakuk 3:17-19 nasa ne. Kada kuma a tsallake Zabura 13 don tana tambayar Allah har yaushe. Gara yaro ya ji a gida cewa mai bi ma yana kuka gaban Ubangiji.

Kan ɗora wa mutum ɗaya, mun sha gani: maigida ya tafi cin rani, sujada ta bi shi. Bangaskiyar Timoti a wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta fara, kamar yadda 2 Timoti 1:5 ta nuna. Saboda haka uwa ta jagoranta, kaka ta jagoranta. Yaron da ya iya karatu shi zai karanta, ko yana in-ina, kada a karɓe daga hannunsa. Auta ya riƙe tocila idan ba wuta. Mai karantawa daga waya ya kashe data tukuna.

Iyaye maza, a yi haƙuri da wannan: lokacin sujada ba kotu ba ne. Wanda ya fasa tulu ko ya faɗi jarrabawa, a yi masa faɗansa da rana. In aka saba buɗe Littafi don a yi wa yaro gori, zai tsani Littafin. Gardamar kuɗin cefane ma a bar ta sai an shiga ɗaki.

Yara sun san ana cikin wahala, ɓoye musu ba ya hana su tsoro. A gaya musu gaskiya daidai shekarunsu, a ambaci sunan ɗan'uwan da ke hannun masu garkuwa ko a asibiti cikin addu'a, amma kada a yi musu alkawarin ranar da Allah bai faɗa ba. Hotunan gawa da ake turowa ta WhatsApp, a daina buɗe su gaban yara. A sami ƙaramin littafin rubutu, roƙo a shafin hagu, amsa a na dama, a riƙa dubawa ƙarshen wata. A kuma haddace aya ɗaya kowane mako, domin waɗanda suka baro ƙauyukansu da tsakar dare ba kowa ne ya fito da Littafi ba.

Dattawa za su fara ziyara gida-gida daga mako mai zuwa. Gidan da ba su da Littafi Mai Tsarki na Hausa su sanar da dattijon unguwarsu. Akwai kuloli biyu da tabarma da aka manta, suna wurin sakatare.

Naku cikin Almasihu,
Kwamitin Shirye-shirye