Wasiƙa daga Baltimore zuwa ga mai sha a ɓoye

Assalamu alaikum 'yan'uwana na ƙasar Gumel da kewaye. Ina gaida iyayenmu, da fatan gero da riɗi sun yi albarka bana.

Ba zan faɗi sunana ba, balle na ƙauyenmu. Ni mashayi ne, kodayake shekara huɗu ke nan rabon bakina da giya. A Legas na koya, zamanin ci-rani, na zo Amurka inda babu idon sani abin ya yi gaba. Rantsuwar da na yi ta dainawa ba ta ƙirguwa. Azumi ya zo in ajiye, Sallah ta wuce da kwana uku in koma, in kwana ina kuka a kan dadduma.

Wata likita ce ta rubuta mini adireshi. Da na je na tarar ɗakin ƙasa ne na wani coci, na daɗe a bakin ƙofa ina tunanin abin da Baffa zai ce da ya gan ni. Ciki kuwa ba ibada ake yi ba, hayar ɗakin suka yi. Kujeru ne a zagaye, kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, ya ba da labarin kansa. Wani dattijo ya ce a tankin ban-ɗaki yake ɓoye kwalbarsa. Dariya ta ƙwace mini, don ni ma nan nake ɓoye tawa. Ban taɓa jin an faɗi sirrina da bakin wani ba sai ranar.

Sunan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu sakaya suna. A 1935 ta fara a garin Akron na jihar Ohayo, kuma da mutum biyu: wani ɗan kasuwar hannun jari da sha'awar giya ta taso masa yana baƙunta, ya nemi mashayi irinsa su yi hira don kada ya sha, aka haɗa shi da wani likitan tiyata. Daga baya na samu ta Musulmi, Millati Islami, wadda aka kafa a nan Baltimore a 1989, ta ɗora matakai 12 na daina sha da waccan ƙungiyar ke bi a kan koyarwar addini. A can aka tuna mini hadisin sahabin da aka sha yi wa haddin giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Na sha jin wa'azin haramcin giya tun ina yaro, wannan ɓangaren kuwa ba a cika karanta mana shi ba.

Na san a gida ba za ka ga allo an rubuta taron mashaya ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano da Jigawa a 2000 giya ba ta ɓace ba, leda ta shige da robar lemo. Mai sha yana tsoron Hisba, amma ya fi tsoron majalisar ƙofar gida, da ranar da za a zo binciken auren 'yarsa. Shi ya sa yake fama shi kaɗai har hanta ta kumbura.

Ɗan'uwa, in kullum kake sha, kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Cikin yini guda hannu kan fara rawa, gumi ya keto, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na uku wani ya fara gane-gane, a ce iska ce. Ba iska ba ce, jiki ne ya saba, kuma abin yana kisa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau, akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Bar masu cewa na mahaukata ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye kuma, don Allah, mari da bulala ba sa cire sha'awar giya, ƙara wa yaro wayon ɓoyewa suke yi.

In ka je asibitin, roƙi ma'aikacin ya tambayi wani da ya riga ka dainawa ko zai yarda ku yi magana. Mutum ɗaya ya isa a fara. Ku haɗu inda ba za a tsarge ku ba. Wa zai tambaye ka me ya kai ka kasuwar Maigatari ran Alhamis? Ku sami inuwa bayan kara ku zauna. Abin da aka faɗa a nan a bar shi a nan. Ba wa'azi, kowa kansa zai faɗa. Ba rance tsakaninku, don bashi na saurin raba zama. Kada ka yi alkawarin har abada, na yau kawai za ka ɗauka, in sha'awar ta taso maka tsakar dare ka buga wa abokin naka waya kafin ka sa takalmi. In ɗaya ya zame, ya dawo a sake lissafi daga ɗaya. Ni ma sau biyu na zame a shekarar farko.

A taronmu na nan ni ke dafa abin sha yanzu. Na gaji da baƙin kofinsu, na koma kawo shayi da citta da kanumfari, dattijon nan mai tanki sai ya sha kofi uku yana cewa yaji ya yi yawa.

A gaida mutan gida.

Naku,
Wani ɗan ƙasar Gumel