Darussan lissafin sola na gida: a fara da abin da ake kunnawa

Duk mai haɗa sola ya saba da tambayar nan: "Malam, inbata mai kVA nawa zan saya?" Darasin farko da aikin ke koyarwa shi ne a ajiye wannan tambayar ta kVA, wato ma'aunin ƙarfin inbata, sai ƙarshe. Inbata ba ta samar da wuta, ta batir take juyawa ta zama irin ta NEPA. Abin da za a fara sani shi ne yawan wutar da gidan ke ci daga safiyar yau zuwa ta gobe.

A ɗauki biro da takarda a zaga ɗaki-ɗaki. Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jikinsa, sai a ninka da awannin da yake aiki. Fankar sama uku masu wat 70, awa 10, sun ci wat-awa 2,100. Ƙwan fitila takwas masu wat 10, awa 6, 480. Talabijin da dikoda wat 80, awa 5, 400. Firji mai wat 120 injinsa tashi yake yana tsayawa, a zafinmu a ba shi awa 10, 1,200. Cajin waya 120. Jimla wat-awa 4,300. Saura ɓarawon da ba a gani: inbata kanta tana cin wuta ko ba a kunna komai ba. Idan wat 30 take ja, a kwana da wuni ta lashe 720. Ke nan gidan yana buƙatar kusan 5,000 kullum.

Sai fanel, wato farantin da ke juya hasken rana zuwa wuta. Rana takan yi kusan awa 12 a sama, amma idan aka tattara ƙarfinta, cikakkiyar rana a ƙasar Hausa awa 5 zuwa 6 ce. A yi lissafi da 5, domin watan Agusta da hadarinsa ne ke tona asirin aiki. Adadin da ke jikin fanel kuma a zafin digiri 25 aka gwada shi. A kan rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin bazara, jikin fanel yakan haura digiri 60, wannan kaɗai ya cinye sama da kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa. A ƙara da ƙura da asarar wayar wuta da ta cajin batir, abin da ke shigowa hannu bai wuce kashi 75 ba. Don haka 5,000 a raba da 5 ya ba da 1,000, a sake rabawa da 0.75 ya ba da wat 1,333 na fanel. Fanel uku masu wat 450 da ƙyar suka kai. Na huɗun shi ne kwanciyar hankali.

A batir ne kuɗi ke salwanta, kuma a nan ya kamata a daɗe. Nauyin dare yake ɗauka, a gidan nan kusan wat-awa 3,500 idan an haɗa da asarar inbata. Batirin ruwa mai bolt 12 da 200Ah (amfiya-awa) yana riƙe wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake taɓawa in ana so ya yi shekaru. Uku sun isa a takarda, sai dai tsarin bolt 24 ko 48 ba ya haɗuwa da uku, dole huɗu. Na litiyam mai wat-awa 5,120 kuwa ana iya cin kashi 80 nasa, guda ɗaya ya wadatar.

Yawancin batiran ruwa da ke mutuwa da wuri yunwa ce ke kashe su. Ana jera batir huɗu a kan fanel biyu, rana ta faɗi bai cika ba, dare ya zo a sake tatsar sa. Batirin da ke kwana ba cike ba, gishirin salfet yana daskarewa a faifansa, wata shida sai a ji ana cewa jabu aka sayar. Abin takaici, maganin da mai gida ke fara nema shi ne ƙarin batir, wanda ke ƙara yunwar. Fanel ya kamata a ƙara. Haɗa sabo da tsoho ma asara ce, tsohon zai ja sabon ƙasa. Ruwansa kuma tataccen ruwan batir ake zubawa, ban da na famfo, ban da asid.

Yanzu ne za a amsa tambayar inbata. Kayan gidan nan in an kunna su gaba ɗaya wat 500 ne ko kusa, amma injin firji yana fizgar ninki uku zuwa biyar lokacin tashi. Dutsen guga shi kaɗai yakan ja 1,000, ga famfon burtsatse. Inbata da yawa kuma idan an rubuta 1 kVA, wat 800 take iya ɗauka. Guga da jan ruwa a mayar da su tsakanin hantsi da azahar, su ci daga fanel kai tsaye.

Wayar wuta ba wurin tsimi ba ce. Wat 1,000 a bolt 12 ya haura amfiya 80, a bolt 48 kuwa kusan 21 ne, kuma yawan amfiya waya mai kauri yake buƙata, shi ya sa babban gida ke hawa 48. Siririyar waya ko ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe zafi take yi, wani lokaci har gobara. A sa fis daf da batir. Kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, nau'in MPPT ta fi nau'in PWM tatso wuta, amma tana da iyakar bolt da aka rubuta mata, kuma bolt ɗin fanel hawa yake da sanyi. Jerin fanel da bolt ɗinsa ya tsaya daf da iyaka a bazara zai iya ƙona ta da sanyin safiyar hunturu a Jos.

Fanel ya fuskanci kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Inuwar tankin ruwa ko ta dish a kan guda ɗaya tana rage wutar duk jerin da yake ciki. Da hunturu a wanke ƙura duk mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.