Sauya Fitilun Mota da Abin da Doka Take Dubawa

Masu mota da yawa suna ɗauka cewa muddin ana sayar da ƙwan fitila a fili, to doka ta yarda a ɗaura shi a hau titi da shi. A ganina daga nan ruɗanin yake farawa, domin a yawancin ƙasashe ba ƙwan kaɗai ake gwadawa ba. Fitilar baki ɗayanta ake aunawa, wato ƙwan da madubin da ke bayansa da gilashin da ke gabansa, kuma amincewar da aka bayar tana kan wannan haɗin ne, ta yadda sauya ɗaya daga cikinsu yana iya rushe ta.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa buɗe fitilar gaba. An lanƙwasa madubin fitilar halojin ne daidai da girman siririyar wayar da ke ci a cikin ƙwan da kuma gurbin da take zaune, domin hasken kusa ya yanke a wani layi, ya sauka kan kwalta maimakon ya shiga idon mai tahowa. Ƙwan halojin samfurin H7 mai wat 55 yana ba da haske kimanin lumen 1,500 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), shi kuwa na zenon, wanda iskar gas ce take ci a cikinsa maimakon waya, mai wat 35 yana haura 3,000. Idan aka cusa na zenon ko na LED a gurbin da ba nasa ba, hasken yana fitowa daga inda madubin bai san da shi ba, sai ya watsu sama da gefe, ya kashe idon kowa. Abin takaicin shi ne mai motar yakan ji daɗi, domin yana ganin gabansa fari tas, alhali wannan hasken da ya taru kusa da bamba yana rage masa hangen nesa, inda haɗari yake ɓoye.

A Turai da sauran ƙasashen da ke bin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1958 kan ƙa'idojin motoci, fitilar da aka amince da ita tana ɗauke da harafin E da lambar ƙasar da ta tantance ta: E1 na Jamus, E2 na Faransa, E11 na Birtaniya. Ƙa'idar ta kuma tanadi cewa fitilar da haskenta na kusa ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa ta da na'urar wanke gilashi, sannan fitilun zenon suna tafiya da na'urar da ke daidaita tsayin haske idan kaya sun danne bayan mota. Mai sayen ƙwan zenon a kwali ba ya samun ko ɗaya daga cikinsu. Amurka tana da nata tsarin mai suna FMVSS 108, inda kamfani ne da kansa yake shaidar cewa kayansa sun cika sharaɗi, saboda haka rubutun DOT, wato gajeren sunan ma'aikatar sufurin ƙasar, a jikin kwali ba hatimin gwamnati ba ne, ko da yake masu talla suna son a ɗauke shi haka.

Birtaniya ta tsaurara a farkon 2021, inda sanya ƙwan LED a fitilar halojin ya bi sahun na zenon wajen zama dalilin faɗuwa gwajin lafiyar mota na shekara, in ban da tsofaffin motoci da aka keɓe. Jamus ta bi wata hanyar da na fi ganin hikimarta: a 2020 ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a cikin fitilunsu kawai.

Batun fitilun baya ya fi sauƙi, duk da cewa a nan ne ake yawan wasa da rai saboda ado. Danja da fitilar birki ja ne a ko'ina. Sigina ta baya ce kawai ake samun bambanci, domin Turai ta wajabta ruwan goro, Amurka kuma ta yarda da ja. Lulluɓe su da baƙar leda yana rage hasken da mai bin ka a baya yake dogara da shi, musamman da rana ko cikin hazo. Wasu fitilun kwalliya kuma ba su da jan ɓangaren nan mai mayar da haske, wanda shi ne yake nuna motar da aka ajiye a duhu ko da an kashe ta. Shuɗin haske mai walƙiya kuwa na 'yan sanda ne da motocin agaji a yawancin ƙasashe.

Wanda haskensa ya yi rauni, kafin ya sayi wani sabon abu, ya fara goge gilashin da rana ta dusashe, ya sa ƙwan da ya dace da fitilar, sannan a saita masa ita a gaban bango a wuri mai shimfiɗe. Idan kuwa dole sai ya sauya, to ya sauya fitilar gaba ɗayanta da wadda aka tantance, wadda aka ƙera don hannun da ake tuƙi a ƙasarsa, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa.