Ɗigon shan inna da abin da jita-jita ta ci mana

Akwai tambayar da nake ji a bakin mutanenmu tun ina saurayi, kuma har gobe ana yin ta: "In dai don Allah ake yi, me ya sa maganin zazzaɓin cizon sauro sai ka saya da kuɗinka, amma ɗigon shan inna kyauta, har a biyo ka gida da shi?" Ni ban taɓa ɗaukar wannan tambayar a matsayin jahilci ba. Tambaya ce ta mai hankali, wanda ya kai ɗansa asibiti aka rubuta masa takarda ya je kemis ya sayo har sirinji da safar hannu, bayan kwana biyu kuma ya ji sallamar mata da akwatin ƙanƙara a rataye, suna roƙon a fito musu da yara. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da muka yarda da ita, da kuma waɗanda wannan amsar ta ƙare a kansu.

Wanda ya yi wayo a Kano a 2003 ya san yadda aka yi. Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya, ƙarƙashin marigayi Dakta Datti Ahmad, ta fito ta ce akwai shakku a kan maganin rigakafin, ana zargin an zuba masa abin da zai hana 'ya'ya mata haihuwa, wasu ma suka ƙara da cewa har da ƙwayar cutar ƙanjamau. Shi Dakta Datti likita ne, dattijo ne da ake ganin girmansa, don haka maganar ta yi nauyi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano, Zamfara da Kaduna ma suka taɓa na ɗan lokaci. Gwamnatin tarayya ta tura tawaga ƙasashen waje aka gwada maganin, aka dawo aka ce lafiyarsa ƙalau. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi.

Ba daga sama wannan zargin ya faɗo ba, kuma duk wanda ya ba da labarin nan ya tsallake 1996 bai yi wa Kanawa adalci ba. A shekarar aka yi annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta yi wannan ɓarnar, iyaye kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ba jita-jita ba ce, abu ne da ya faru a garinmu. Ga shi kuma a 2003 ɗin nan Amurka ta afka wa Iraƙi da hujjar makaman ƙare-dangi da aka nema aka rasa. Daga baya ma, a 2011, hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad na Pakistan don farautar Usama bin Ladan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To amma a nan ne nake rabuwa da 'yan'uwana masu cewa "ka gani ko?" An cuce mu a 1996, gaskiya ne. Wannan ya ba mu damar mu yi tambaya, mu nemi a gwada, mu ƙi yarda da "ku dai ku karɓa". Bai tabbatar da cewa akwai maganin hana haihuwa a cikin ɗigon shan inna ba. Magana biyu ce daban, kowacce da hujjarta. Labarin Trovan yana da asibiti, yana da shekara, yana da iyayen da suka tsaya a gaban kotu, yana da takardu. Zancen hana haihuwa fa? Yaran da aka ɗiga wa maganin nan shekara ashirin da wani abu baya su ne iyayen yau. A unguwarmu kusan kowane mako sai an yi suna, kuma masu jegon nan yawancinsu an ɗiga musu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar fiye da 'ya'ya shida a matsakaici. Abu ne da ido yake gani, ba sai an je ɗakin gwaji ba. Amma har yau ban ji wanda ya yaɗa zancen ya dawo ya ce jama'a, abin da muka faɗa bai tabbata ba.

Abin da ya tabbata shi ne lissafin yaran da suka shanye. A 2002 an samu yara 202 da cutar ta nakasa a Najeriya. Zuwa 2006 sun haura dubu a shekara guda. Ƙwayar cutar ta bi matafiya ta koma ƙasashe wajen ashirin da a da suka rabu da ita, ta shiga Sudan, ta tsallaka Yaman, ta kai har Indonesiyar da muka amince da maganinta. Saboda irin wannan ne Saudiyya ta sa dokar rigakafin a kan maniyyatan Najeriya, har alhazanmu, dattawa da furfurarsu, suka riƙa buɗe baki ana ɗiga musu a filin jirgi. Ban ji wanda ya fasa aikin Hajji saboda haka ba.

Akwai ɗan wata 'yar'uwata da aka haifa a wancan lokacin. Mahaifinsa mutumin kirki ne, mai son 'ya'yansa, kuma wannan son ne ya sa ya ce ba za a ɗiga musu ba. Yaron ya fara tafiya, har yana bin uwarsa tsakar gida yana riƙe mata zani. Sai ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, irin wanda kowane yaro ke yi. Da ya sauka, aka tsayar da shi, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Aka yi na Hausa, aka yi na asibiti, aka yi rubutu da tofi, ƙafar sai ƙara sirancewa take. Yanzu saurayi ne, gyaran waya yake yi, kuma gwani ne. Yana da keken guragu mai fedar hannu, in ya zo bakin masallaci sai ya sauko, ya zura hannayensa cikin silifa ya ja jiki zuwa sahu. Tafin hannunsa ya yi kanta kamar diddige. Ban taɓa jin ya zargi mahaifinsa ba, ni ma ba na zarginsa. Shi an gaya masa ne, kuma waɗanda suka gaya masa mutane ne da yake girmamawa. Amma su suna nan da ƙafafunsu.

Ita kuwa tambayar kyauta tana da amsa, kuma abin haushi ne yadda aka daɗe ba a zauna an ba mutane ita da harshensu ba. Shan inna ba ta da magani in ta riga ta kama yaro, sai dai a hana ta kamawa. Ta bahaya take fita ta shiga ruwa ko abinci, kuma cikin yara kusan 200 da suka ɗauke ta, ɗaya ne zai shanye, sauran suna yawo da ita ba wanda ya sani. A jikin ɗan'adam kaɗai take rayuwa, saboda haka in aka toshe mata hanya a ko'ina za ta ƙare gaba ɗaya, kamar yadda aka gama da agana a 1980. Muddin tana Kano ko Peshawar ta Pakistan, yaron da ke Landan ma bai tsira ba. Masu zuba kuɗin suna taimakonmu, suna kuma kare 'ya'yansu. Da an faɗa mana haka tun farko, da mun fi ganewa, domin Bahaushe ya san ciniki.

A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Matan nan da muke gani da hijabi da alli suna rubutu a jikin bango, suna shafa wa yara tawada a ɗan ƙaramin yatsa, don ɗan abin da za a ba su su kai gida. Ba zan ce duk wanda ya taɓa maimaita jita-jitar yana da hannu a jininsu ba. Amma sai da aka shekara goma ana nuna su a matsayin 'yan aiken maƙiya kafin wani ya ɗauki bindiga.

A wancan zamanin jita-jita sai ta bi ta majalisa da kasuwa da kaset. Yanzu tana aljihun kowa. Ku tuna daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane daga barci da waya: a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, kafin gari ya waye. Har masu hawan jini suka sha. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton rasuwar wasu. Duk wanda ya buga wannan wayar ƙauna ce ta sa shi. Shi ya sa abin yake da wuyar magani, domin ba maƙiyinka ne ke turo maka ba, yayarka ce, ko abokin karatunka.

Kwanakin baya wani kawuna ya turo saƙon murya a zauren danginmu na WhatsApp. Wani ne yake magana, wai "wani babban likita a Jamus" ya tona asiri, a ƙarshe kuma ya haɗa mu da Allah mu tura wa sauran Musulmi. Ban amsa a zauren ba, don bai kamata in kunyata babba a gaban 'ya'yansa ba. Na kira shi, muka gaisa, na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, shi wannan likitan mene ne sunansa? A wane asibiti yake?" Ya ce, "Kai dai ɗan nan, ruwa ba ya tsami banza." Na ce, "Haka ne Kawu. Amma da wani zai kawo maka hadisi ya ce wani malami ne a wani gari ya ruwaito, za ka karɓa?" Ya yi shiru, sannan ya ce zai tambayi wanda ya turo masa. Shi ma wancan turo masa aka yi.

Wannan ne ya fi ba ni mamaki game da mu. Mu ne magadan malaman da suka yi tafiyar watanni don tantance magana guda, suna bin wane ya ji daga wane, shin sun ma haɗu, shin mai gaskiya ne, shin haddarsa tana da ƙarfi. A Suratul Hujurat an umarce mu da mu bincika labari don kada mu cuci wasu mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji. Tun muna Islamiyya muka haddace waɗannan. Amma da zarar saƙo ya ambaci Yahudu da Nasara da makirci, sai mu ajiye duk wannan tarbiyyar mu danna turawa, muna ganin jihadi muka yi. Alhali bincike ba kayan Turawa ba ne da aka shigo mana da shi.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma babba ne. Barazanar kama uba ko ɗaure shi ba ta taɓa sa zuciyarsa ta natsu ba. Abin da ya yi aiki shi ne lokacin da aka sa sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai a gaba, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, aka kuma riƙa haɗa rigakafin da duba marasa lafiya da ba da magani. Da haka aka kai ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta nakasa, a Borno a 2016, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020. Kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mutane gaskiya ko da ba ta da daɗi. Ɗigon da ake ba yara raunanniyar ƙwaya ce a ciki, kuma a inda yara da yawa ba su yi rigakafi ba, takan daɗe tana zagayawa har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wani. Irin wannan ce ake fama da ita yanzu a Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kebbi. In likita ya ɓoye wannan, ranar da mutum ya ji a bakin wani sai ya ce ashe dama ƙarya ake mana. In kuwa aka yi masa bayani, zai gane cewa ƙin karɓar ne ke ba ta wurin zama.

Ba tsohon labari nake tonowa ba. A 2023 mashaƙo ta ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita, kuma akasarin yaran da ta kama ba su cika rigakafinsu ba. A watan Oktoban shekarar aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, nan da nan tsohon zancen hana haihuwa ya dawo a saƙonnin murya, kusan kalma da kalma yadda aka faɗe shi a 2003. Ina da 'ya a cikin waɗannan shekarun. Na je na zauna da wata likitar mata na yi mata duk tambayoyin da ke raina, har da waɗanda na ji a saƙonnin, ta amsa mini ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta raina ni ba. Na dawo muka yi shawara da mahaifiyarta, aka yi mata.