Kada ki yar da littafin don siket ya shige ki

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna cikin gugar kayan anko a shago, ɗaya daga cikin yaran da ke koyon ɗinki a wurina ta ce, "Anti, wata huɗu ke nan ina rubuta duk abin da na ci, na sauke kilo shida. Wallahi na gaji da rubutun nan. In daina?" Na ce ta bari mu tashi daga aiki, amsar ba ta tsaye ba ce. Sau biyu na yi kuskure a kan wannan tambayar, kowane da irinsa, kuma kowane ya ci min shekara ko fiye. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, shi ya sa nake son ƙannena, mata da maza, su ji yadda aka yi.

Ni tela ce, shagona yana wajen Wunti a nan Bauchi. Sana'armu ta zama ce, daga hantsi har bayan la'asar kina kan keke, in sallah ta matso kuwa har dare. Bayan haihuwata ta huɗu na yi jego irin na gida, kunun kanwa, gasasshen nama, tuwo da romo, kowa ya shigo barka sai ya ce jego ya karɓe ni. Aka yi arba'in, cin bai ragu ba. Shekara biyu bayan nan gwiwata ta fara hana ni sujada yadda na saba, ga ciwon kai da yamma. A asibiti aka ce jinina ya hau, sikeli ya nuna kilo 94. Nas ɗin ta tambaye ni me nake ci, na rantse mata ni ba mai ci ba ce, kuma har ga Allah haka na yarda. Ba ta yi min musu ba. Ta ce, "Hajiya, ki je ki rubuta na mako guda, amma ki rubuta kafin ki kai baki."

A bayan littafin awon kwastomomi na fara. Har yau shafin wata Talata yana nan. Da safe masa biyar da miyar taushe, da ƙarin mai da garin ƙuli a kai. Shayi da cokali huɗu na sukari. Ƙarfe sha ɗaya yarinya mai talla ta leƙo, na ɗauki ƙullin gyaɗa biyu. Da azahar shinkafa da wake da mai da yaji. Wata kwastoma ta zo karɓar ɗinki, na aika a sayo mata lemo, na haɗa da nawa. Awara da la'asar, shayi na biyu. A gida na ɗanɗana miya sau uku, ɗanɗanon da har da tsokar nama. Tuwo malmala biyu. Ragowar kwanon yara, don kada a zubar. Shayi na uku kafin barci. Da na karanta shafin nan da daddare sai jikina ya yi sanyi, domin da an tambaye ni me na ci ranar, masa da shinkafa da tuwo kawai zan lissafa.

Daga baya na ji cewa ba ni kaɗai ba ce. A 1992 wasu likitoci a Amurka sun auna mutanen da ke cewa suna cin kaɗan amma ƙiba ta ƙi sauka, suka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi. Ba ƙarya suke shirgawa da gangan ba, hankali ne ba ya riƙe abin da aka ci a tsaye ko ana hira. Wani binciken na 2008, shi ma a Amurka, a kan mutum kusan 1,700, ya nuna masu rubuta abincinsu kullum sun rage ninki biyu na abin da marasa rubutu suka rage.

Abu biyu littafin ya nuna min da yatsa, mai da sukari. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na hatsi ko sukari 4, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa gaban tanda ta san kowane gurbi sai an zuba masa mai kafin ƙullu, wata ma ta ƙara in za ta juya. Shayina uku da cokali hurhuɗu sun kai ƙaramin cokali 12, kusan giram 50, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a yini guda. Na cike ƙa'idata da shayi kaɗai, sannan robar lemo ta ɗora wani giram 50 ɗin a kai.

Ban daina cin tuwo ba, ban sayi wani ganyen shayin rage tumbi ba, kuma ina roƙonku kada ku zuba kuɗinku a nan, yawancinsu gudawa kawai suke sa mutum. Masa ta koma uku babu ƙarin mai, sukari cokali ɗaya, tuwo malmala ɗaya da miya mai yawa, kwaɗon zogale ko rama kafin abincin rana, lemo sai an yi biki. Bayan asuba mu zaga unguwa ni da maƙwabciyata na rabin awa. A wata tara na dawo kilo 80, kusan kilo ɗaya da rabi a wata. Gwiwa ta saki, awon jini ya sauko.

Ga kuskuren farko. Akwai wani siket na atamfa da na ajiye tun kafin haihuwa ta uku. Ranar da zif ɗinsa ya rufe ba tare da na riƙe numfashi ba, a ranar na rufe littafin, na ce aiki ya ƙare. Na ɗauki ƙiba kamar zazzaɓi, a sha magani kwana uku a warke. Sikelin ma na tura shi ƙarƙashin gado.

Da yayyafi kogi kan cika. Ban tashi rana ɗaya na koma cin da ba. Cokalin sukari ya koma biyu saboda an yi sanyi. Masa ta koma huɗu saboda mai masar ta yi min gyara. Ɗinkin sallah ya hana yawon asuba na mako biyu, mako biyun ya zama wata shida. Abin da ya fi cutar da ni kuwa sana'ata ce: riga ta ɗan matse ni, in zauna a keke in buɗa ta da inci ɗaya cikin minti goma, babu wanda ya sani, ni ma in manta. Wasu kayansu ne ke yi musu gargaɗi, ni kuwa na toshe bakin nawa da hannuna. Shekara ɗaya da rabi, na ja sikeli na hau, kilo 91.

Na yi kuka a ranar, na zargi kaina da rashin zuciya. Yanzu na san akwai abin da ya wuce zuciya. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar lokacin da yake babba, don haka kwanon da ya riƙe ki a kilo 94 zai mayar da ke can in kin koma masa a kilo 80. Sannan yunwa tana ƙaruwa. Masu bincike a Ostireliya sun nuna a 2011 cewa shekara guda cur bayan rage ƙiba, sinadaran da ke tada yunwa a jiki suna nan sama, masu sa ƙoshi suna ƙasa. Wato lokacin da na sallami mai gadi shi ne lokacin da ɓarawo ya fi ƙarfi.

Kuskure na biyu ya zo ne daga tsoron na farko. Na ce wannan karon ba sassauci. Ɗana ya sa min manhajar lissafin kalori a waya, na sayi ƙaramin sikelin kicin. Manhajar ba ta san miyar kuka ba, ba ta san ɗanwake ko dambu ba, in kin sami masa a ciki wani ne ya shigar da ƙiyasinsa, lamba uku daban-daban. Sai na fara gudun abincin gidanmu ina cin abin da ke da lamba a jikin leda, biredi, biskit, taliyar yara, don lissafi ya fita daidai. Ku duba wannan asara, na bar wake da ganye na koma abin kanti saboda waya. Na daina ci a tire ɗaya da yarana. Ina hawa sikeli safe da yamma, in na ga ƙarin kilo ɗaya in hana kaina abincin dare, alhali nauyin mutum yana motsi da kilo ɗaya ko biyu a yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki, na mace kuma yana hawa in al'ada ta matso. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, ba a tara shi a dare guda.

Abin ya tsaya ne ranar wata Babbar Sallah a gidanmu. Inna ta zubo min tuwon shinkafa da miyar taushe da hannunta, irin wanda take yi tun muna yara. Na zauna ina kallon kwanon, wayata a cinya, ina ƙoƙarin ƙiyasta man da ke ciki. Na ci loma biyu na ture. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauke kwanon, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke, in wani ciwo ne gare ki ki faɗa min, kada in ji a bakin mutane." Tsohuwa ta kwana da zullumi saboda lamba a waya. Na kai kilo 78 a lokacin, amma gashina yana zuba, ina yi wa yaran shago tsawa a kan abin da bai kai ba, tunanin abinci ba ya barina ko a sallah. Wannan ba lafiya ba ce, ko da sikeli ya ce ita ce.

To, in daina ko kada in daina? Ga abin da na gaya wa yarinyar, kuma shi nake kai shekara huɗu ke nan.

Muddin kina kan ragewa, ki ci gaba da rubutu, amma da ma'aunin kicin ɗinmu: malmala, ludayi, cokali, ƙulli, kofi. "Tuwo malmala ɗaya, miya ludayi biyu, nama tsoka biyu" ya wadatar. Ba lamba ake nema ba, ido ake so ya buɗe. Ki rubuta a lokacin, kuma ki rubuta ranar da kika ɓata, ita ce ma ta fi amfani. Na sha tsallake ranakun biki a littafina na farko, shafin ya yi kyau, ni kuwa ban ƙaru da komai ba. Ki ƙara kalma ɗaya a gefe in kin ci abin da ba ki shirya ba, gajiya, ɓacin rai, baƙi, rashin barci. Ni a nan na gano cewa duk ranar da kwastoma ta ɓata min rai sai na aika sayen awara.

In kin kai inda kike so, kada ki rufe littafin a ranar. Yanzu ne za ki koyi nawa ne cin da zai tsayar da ke wuri ɗaya, kuma ba ki san shi ba tukuna. Ki ci gaba wata biyu ko uku kina ƙara abinci kaɗan-kaɗan. Daga nan ki koma kwana uku a mako, a ciki har da Juma'a ko ranar taro. Daga nan mako ɗaya a wata. Kamar yaye ne, a hankali ake janyewa.

In rubutun ya tsaya, awo kada ya tsaya. A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe shi shekara ɗaya ko fiye. Kashi uku cikin huɗu nasu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Ni ina hawa safiyar Juma'a kafin karin kumallo, sau ɗaya tak, sannan farkon kowane wata in ɗora tef a cikina daidai cibiya. Masana lafiya suna cewa in ya wuce inci 35 ga mace ko 40 ga namiji, haɗarin ciwon suga da hawan jini ya ƙaru sosai. Nawa daga 43 ya dawo 36, ina nan ina fama. Na kuma ja wa kaina layi: ina tsakanin kilo 80 da 82, in na ga 84 Juma'a biyu a jere, littafi ya dawo na mako biyu. Sauke kilo biyu aikin wata guda ne, sauke sha ɗaya na san abin da ya ci min. Bayan azumi da bayan layya nakan buɗe shi ko layin bai taɓu ba, domin nan ne kunun gyaɗa, ƙosai, dabino da soyayyen nama suke sauya min hannu. Rigunana kuma na haramta wa kaina buɗa su.

A gidan biki ko gaban tiren gida ba na lissafi. Ina ci da kowa, ina tuna hadisin nan na kashi uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, in ɗauke hannu tun ban cika ba.

Akwai kuma waɗanda zan ce su ajiye littafin yau, kada su jira. In kin fara jin tsoron abinci, kina ɓoye cinki, kina tsallake abinci don ramuwa, ko kina sa kanki amai, ko al'adarki ta ɗauke, rubutun ya zama cuta, ki gaya wa babba a gida ku je asibiti. Yarinyar da ba ta gama girma ba, da mai ciki, da mai shayarwa, ba su da hurumin rage ci da kansu. Mai shan maganin suga kuma ya fara ganin likitansa, domin rage ci a kan magani yana iya faɗar da sugan jini.

Yarinyar ta saurara har na gama, ta ce saura mata kilo uku. Na ce ta ci gaba har ta kai, sannan ta zo mu tsara yayen tare. Na ɗauko tef daga wuyana na auna ta, inci 34, na rubuta mata da kwanan wata a shafin ƙarshe na littafinta. Za mu sake awo farkon watan gobe.