Yadda na rufa asirin littafin bashin 'yan tumatir

A bara ne wasu dillalan tumatir da albasa na kasuwar Mile 12 a nan Legas suka ba ni aikin tattara lissafinsu: kwando nawa ya sauka daga Arewa, wa ya ɗauki kaya bashi, nawa ake binsa, da lambar wayarsa. Da manhajar R nake aikin ƙididdiga, kuma duk ƙarshen mako sai na tura fayil ɗin ga abokin aikina a Kano. Ranar da zan fara, wani dattijo ya ce mini, "Malam, bashin mutum asirinsa ne, kada mu ji shi a bakin duniya." Na ce, "In sha Allahu, Alhaji." Ko da babu dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wannan maganar ta isa ta ɗaure ni.

Kuskurena na farko a kan lambobin waya ne. Don in ɓoye su, na ɗauko ƙunshin openssl na R, wato tarin umarnin kulle bayanai, na bi kowace lamba da sha256, wanda ke mayar da ita dogon zaren haruffa da ba a iya warwarewa a koma baya, na ɗauka na gama. Abokin aikina ne ya nuna mini cewa ba sai an warware ba. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma yawancinsu da 070, 080, 081, 090 ko 091 suke farawa, saboda haka duk wanda ya sami fayil ɗin zai iya sa kwamfuta ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ta dace da kowane zare. Wannan ya tayar mini da hankali ƙwarai, domin na riga na yi wa mutane alkawari. Maganinsa shi ne HMAC, wato a haɗa lissafin da makullin sirri, ta yadda wanda ba shi da makullin ba zai iya gwadawa ba.

Kulle fayil ɗin kansa bai ba ni wahala ba, da zarar na fahimci cewa RSA, tsarin kullewa mai makulli biyu (na fili da ake ba kowa ya kulle da shi, da na sirri da mai shi kaɗai ke buɗewa da shi), wanda aka ƙirƙiro a 1977, ba ya ɗaukar kaya mai yawa: makulli mai bit 2048 ba ya kulle abin da ya kai bait 256, wato kamar haruffa 256. Umarnin encrypt_envelope yana kulle bayanan da AES, wani tsarin kullewa mai makulli ɗaya da ke ɗaukar kaya mai yawa, sa'annan ya kulle ɗan ƙaramin makullin AES ɗin da makullin fili na mai karɓa. Kafin in amince da makullin da abokina ya turo, sai da na kira shi ya karanta mini tambarin makullin, wato ɗan gajeren zaren haruffa da ke bambanta shi da sauran makullai, harafi da harafi.

Abin da na makara wajen ganewa shi ne kullewa daban, tabbatar da mai aikowa daban. Makullin fili na kowa ne, don haka kowa na iya kulle fayil na ƙarya ya tura Kano da sunana. Yanzu ina sa hannu da signature_create, shi kuma ya duba da signature_verify kafin ya buɗe. Ko alƙalami ɗaya aka taɓa, sa hannun ba zai ci ba. Takardar shaida kuwa, wadda ke tabbatar da cewa sabar (kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet) ta gaskiya ce, sau ɗaya na buƙace ta, lokacin da na sauko da ta sabar da muke ajiya da download_ssl_cert, na tantance ta da cert_verify, na kuma duba ranar ƙarewarta.

Akwai daren da na kusa ɗora rubutun aikina a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, alhali makullin HMAC yana rubuce ɓaro-ɓaro a layi na uku. Na goge shi, na canza sabo, na sake lissafa lambobin duka. Makullan yanzu suna fayil dabam mai kalmar sirri, kwafi ɗaya kuma yana kan filas a cikin akwatina a Agege.